Wa zai koya wa yaronka zane? Malamai iri huɗu da ake samu a Jidda da Makka

A gidajen Hausawa da yawa a Jidda da Makka akwai yaron da ba ya barin bayan littafinsa fari. Duk inda biro ya shiga hannunsa sai ya zana mota, ko hasumiyar agogo, ko ya yi ta ƙawata sunansa da Larabci har malamin lissafi ya kawo ƙara. Iyaye sun ga akwai hannu, sai dai ba su san wurin wa za su kai shi ba. Da can tambayar ba ta da wuya, domin masu koyarwar ba su da yawa. Tun da aka ware wa al'adu ma'aikata ta kanta a 2018 abin ya sauya: ga cibiyoyi, ga azuzuwan yamma, ga tallan kwas yana shigowa waya kullum. Kuma ba yara kaɗai ke nema ba. Akwai matar auren da ke son koyon haɗɗi, wato fasahar ƙawata rubutun Larabci, bayan ta sallami yara makaranta, akwai saurayin da ke fatan zanen ya zama hanyar abincinsa.

In ka tattara masu koyarwar nan, iri huɗu ne: malamin haɗɗi mai ijaza, malamin da ya karanta koyar da zane a jami'a, alarammanmu na gida mai zayyana, da matashin da ya koya da kansa yake buɗe warsha, wato ajin zama ɗaya na 'yan sa'o'i. Kowannensu yana koyarwa ne yadda aka koya masa. Wanda ya sha jan biro shekara da shekaru zai ja wa ɗalibinsa, wanda ya koya daga bidiyo zai nuna ne kawai ya ce a kwaikwaya. Saboda haka tambayar "a ina ka yi karatu, a hannun wa?" ba shisshigi ba ce. Amsarta ce za ta gaya maka yadda ajin zai kasance tun kafin ka biya ko riyal ɗaya.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko, kuma a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne gyara. Idan ɗalibi ya yi kuskure, me malamin yake yi? Akwai mai nuna wurin ya faɗi dalili, ya sa a sake. Akwai mai karɓe buroshin ya gyara da hannunsa, aikin ya yi kyau amma ɗalibi bai ƙaru da komai ba. Akwai kuma mai cewa "ma sha Allah" ya wuce. Ka nemi izini ka zauna a aji ɗaya a matsayin ɗan kallo, idonka a kan ɗalibin da aikinsa ya fi na kowa rauni. Yadda malamin ya yi da shi, haka zai yi da naka ranar da abin ya ƙi.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin kashi uku ne: na malami, na kayan aiki, na mota. Mutane kan duba na farko su manta da sauran. Alƙalamin gora da kwalbar tawada ba su kai kuɗin abincin rana ba, amma fentin mai da kyallen zane da buroshi masu kyau suna iya fin kuɗin kwas ɗin kansa, kuma ƙarewa suke yi. A cibiya mai rajista ka tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari.

Na uku ɗorewa, ta fuska biyu: malamin zai kasance nan baɗi? Abin da aka koya zai zauna a hannu bayan an daina zuwa?

Na huɗu sauƙi. Tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya ɗauke unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail a Jidda, dangi da maƙwabta sun watsu, malamin da da ake takawa da ƙafa yanzu sai an yi rabin sa'a a mota. Mutanen Makka kuma sun san yadda azumi da lokacin aikin Hajji ke cinye jadawalin kowa. Ga batun harshe, ga batun iƙama, wato takardar izinin zama, domin wasu shirye-shiryen na 'yan ƙasa ne kawai.

Na biyar haɗari: biyan kuɗin wata da watanni ga wanda ba shi da lasisi, barin yaro shi kaɗai da baƙo, da kuma kashe wa yaro sha'awa, wanda shi ne asarar da ba a cika lissafawa ba. A nan ne batun zanen abu mai rai yake shigowa. Gidaje sun bambanta a kansa. Ka yanke matsayarka da malamin addinin da kake bi, sannan ka faɗa wa mai koyarwa tun ranar farko, kada sai yarinya ta dawo da zanen fuska a fara rigima a gida.

Malamin haɗɗi mai ijaza

Wannan shi ne wanda ya zauna gaban wani malami har aka ba shi izinin sa hannu a ƙarƙashin rubutunsa. Ijazarsa tana ɗauke da sunan wanda ya ba shi, kuma in ka bi silsilar, sau da yawa za ta kai ka Istambul, wurin almajiran Hamid al-Amidi wanda ya rasu a 1982, ko Bagadaza, ko Alƙahira. Mu da muka san ijazar Alƙur'ani ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Hanyar koyarwarsa tsohuwa ce kuma ba ta da kwana-kwana. Tun zamanin Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa da ya rasu a 940, ake auna harafi da ɗigon alƙalamin da aka rubuta shi. Kowane salon rubutu da awonsa: alif a ruƙ'a ɗigo uku ne, a naskhi wajen biyar, a sulusi wajen bakwai. Malam zai rubuta maka layi ɗaya, ka tafi gida ka kwaikwaya, ka dawo ya ɗauki jar tawada ya bi harafinka yana ɗiga ɗigo, ya nuna maka cikin "nun" ɗinka ya zarce da rabin ɗigo. Sai ka koma. Haruffa ɗai-ɗai tukuna, sannan haɗa biyu-biyu, sannan jimla. Masu bin tsarin Usmaniyawa sukan fara ɗalibi da addu'ar "Rabbi yassir wa la tu'assir", kuma mutum na iya yin watanni a kanta. Yawancin malamai a nan sukan fara da ruƙ'a saboda ta fi sauƙi, su bar sulusi can gaba. Sulusin nan shi ne rubutun da ke jikin rigar Ka'aba da ake saƙawa a Ummul Jud, naskhi kuwa shi ne hannun Usman Ɗaha a mus'hafin Madina da kusan kowane gida yake da shi. Yaron Makka ya tashi da misalai mafi kyau a gaban idonsa, wannan ba ƙaramar gata ba ce.

Ta fuskar gyara babu wanda ya kama ƙafarsa, domin darasin gaba ɗaya gyara ne. Kayan aiki arha: alƙalamin gora, tawada, zaren siliki da ake cusawa a kurtu don kada alƙalami ya kwaso da yawa, da takarda mai santsi. Kuɗin malamin ne ya bambanta ƙwarai. Akwai masu bin tsohuwar al'ada ta ƙin karɓar komai, akwai masu tsada don sunansu ya fita, musamman tun da aka sanya 2020 ta zama shekarar haɗɗin Larabci, aka ƙara da 2021, UNESCO kuma ta shigar da shi cikin gadon ɗan Adam a Disambar 2021. Ko da mai tsada ne, zaman minti ashirin a mako ya isa, tunda aikin a gida ake yi. Wannan ya rage kuɗin mota, kuma da yawansu suna karɓar hoton aiki ta waya su mayar da shi da jan gyara.

Abin da aka koya a nan ba ya barin hannu da wuri, sai dai a daina riƙe alƙalami gaba ɗaya. Haɗarinsa biyu. Na ɗaya, kalmar ijaza ta yi arha. Takardar halartar kwas na mako biyu ba ijaza ba ce. Ijaza shekaru take ci. Ka tambayi sunan wanda ya ba shi da kuma a wane nau'in rubutu, mai gaskiya zai faɗa da murna. Na biyu, yaro ɗan shekara bakwai mai son zana jirgin sama, in ka ɗaure shi a kan "ba" da "jim" wata uku, zai tsani alƙalami. Bahago kuma sai an yi hattara, saboda fiƙar alƙalamin an yi ta ne don hannun dama. Wasu malaman sun iya sauya fiƙa da zaman takarda, wasu kuwa tilasta yaro za su yi ya canza hannu. Kada ka yarda da na biyun.

Malamin da ya karanta koyar da zane

Da safe yana makarantar gwamnati ko ta kuɗi, da yamma yana da aji a wata cibiya. Irin wannan malami yana da tarihi a ƙasar: tun 1965 aka buɗe ma'ahadin horar da malaman zane a Riyad, kuma Jami'ar Ummul Ƙura a Makka ma ta buɗe sashen wannan fanni. Cikinsu akwai 'yan ƙasa, akwai Misirawa, akwai 'yan Sudan da suka fito daga kwalejin zane ta Khartum. Ta ɓangaren mata, "abla" mai koyar da zane ita ce ta fi sauƙin samu cikin duka huɗun.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne an koya masa yaro, ba zane kaɗai ba. Ya san ɗan shekara shida da ya zana babansa ya fi gida tsawo ba kuskure ya yi ba, haka shekarunsa ke gani. Ya kuma san wajen shekara tara zuwa goma sha ɗaya yaro ke fara kallon zanensa ya ce bai yi kama ba, kuma a nan ne da yawa suke ajiye fensir har abada in ba a ba su dabara ba. Dabarar ita ce abin da yake koyarwa: ya ajiye butar gahawa da kofi da 'yan dabino a kan tebur, ya sa a duba ta ina haske ya shigo, ina inuwa ta faɗi, me ya sa bakin kofi da'ira ne amma daga gefe ya zama kamar ƙwai. Daga fensir zuwa gawayi, daga nan zuwa haɗa launi, a ga yadda shuɗi da rawaya ke haifar da kore. Yana da tsari na mako-mako, kuma in ka tambaye shi me yaronka zai iya bayan wata uku, zai ba ka amsa.

Kuɗinsa matsakaici ne zuwa sama, ana biya wata-wata ko zango-zango, kayan aiki kuma suna ƙaruwa yadda ɗalibi ke gaba. Fentin ruwa da fensir ba su da nauyi; ranar da aka ce a sayo fentin mai, aljihu zai ji. Ta wajen aminci shi ne kan gaba, in dai a cibiya mai lasisi yake, da aji a buɗe da sauran yara. In kuwa gida zai riƙa zuwa, ka sani ɗan ƙasar waje da ke aiki a wajen inda iƙamarsa ta ba shi dama yana saɓa doka, kuma duk ranar da abin ya taso ajin ya watse ke nan, kuɗinka kuma sai dai haƙuri.

Rauninsa na gajiya ne. Wanda ya wuni da aji shida ya zo na yamma ba lallai ya zo da zuciya ba. Wasu kuma rabonsu da zana wani abu na kansu tun suna jami'a, sai ajin ya koma kwafe daga allo da ba da maki. Ka ce ya nuna maka aikinsa na bana. In ya fara lalube a waya yana cewa akwai wasu a gida, ka gane.

Alarammanmu mai zayyana

A Shara Mansur da Rusaifa a Makka da sauran wuraren da mutanenmu suka daɗe, har yanzu akan samu dattijon da ya yi tsangaya a Kano ko Borno ko Damagaram, ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma ya iya zayyanar allon sauka. Ba kowane alaramma ne mai zayyana ba, fanni ne na daban, sai an tambaya. Shi ba zai kira kansa malamin zane ba, watakila ma ya yi dariya in ka faɗa. Amma wanda ya iya raba allo gida-gida, ya cika shi da ja da rawaya da kore ba tare da wani gefe ya rinjayi wani ba, ya san abin da ake biyan kuɗi a koya a cibiyoyi.

Masu raina wannan su dubi Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya yi karatun zane, ya dawo ya ga mutanensa ba su damu da abin da ya kawo ba, sai ya koma ga harafi da adon allon da ya tashi a ciki. Wannan hanyar ce ta kai shi har gidan Tate Modern ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa a 2013.

Koyarwar alaramma ta zama kusa ce. Ba jadawali, ba bayani mai tsawo. Yaro zai fara da wanke allo, ya ga yadda ake dama tawada da ƙaro, yadda ake fiƙe alƙalami, sannan a bar shi ya cika wani ɗan gida da launi. Gyaransa gajere ne: "goge, sake." Dalilin ba ya cika faɗa, sai mai ido ya tsinta. Yaro mai haƙuri da lura zai kwashi abu mai yawa, mai yawan tambaya zai ƙosa. Ga wata riba da sauran ukun ba su da ita: da Hausa ake yi. Ga jikan da aka haifa a nan, wanda Hausarsa ta tsaya a gaisuwa, zaman sa'a guda da Baba Malam darasi biyu ne.

Kuɗi kusan babu. Abin da ka ga dama ne, irin na kuɗin Laraba da aka saba. Ni dai ina ganin rashin farashi ba dalilin ba da kaɗan ba ne. Ƙaro ana samu wurin masu kayan ƙamshi, allo da alƙalamin gamba kuwa sai an ba da saƙo wurin masu zuwa Umra.

Matsalolinsa na gaske ne. Hannunsa na mutanen yamma ne, a ruwayar Warshu: "fa" ɗigonta a ƙasa, "ƙaf" ɗigo ɗaya a sama. A makarantar gwamnati kuwa "fa" ɗigo ɗaya a sama, "ƙaf" biyu. Ɗan aji biyu da ya haɗa hannayen nan biyu zai sha jan biro a imla'i, wato shifta, ba tare da ya san laifinsa ba. A bari rubutun makaranta ya zauna tukuna, ko a roƙi malam ya tsaya a kan adon kawai. Sannan a yi magana a fili cewa zayyana ake so, ban da hatimi da laya, domin wannan abu ne da hukumar ƙasar nan ba ta wasa da shi ko kaɗan. Ta wajen ɗorewa kuma, yawancinsu sun manyanta, wasu suna shirin komawa gida, kuma ba takardar da za a nuna wa kowa a ƙarshe. 'Ya mace sai in malamin muharraminta ne ko da rakiya. Ko da yake, in ana maganar saita hannu a kan layi, gwaggon da ta ƙware a zanen lalle ta fi malamai da yawa, kuma tana cikin gida.

Mai warsha da ya koya da kansa

Shi ne ka fi gani a Instagram da TikTok da Snapchat. Ya koya daga YouTube, ya yi suna, yanzu yana kama wuri a gidan gahawa ranar Juma'a da daddare ko Asabar. Ana biya sau ɗaya, kaya duk nasa, kowa ya zana hoto iri ɗaya da fentin akirilik mai saurin bushewa, a tashi da abin ratayawa a bango.

Kada a yi masa rashin adalci. Wasunsu hannunsu ya fi na masu digiri, kuma zane a kan iPad, wanda shi ne kasuwar yau, kusan su kaɗai ke koyar da shi. Ba sa tsorata mai farawa. Matar da rabonta da fensir tun firamare za ta fita da ƙarfin gwiwa.

Amma yi lissafi. A ce warsha ta sa'a uku ce, mutum ashirin. Cire sa'a guda ta nuni da ɗaukar hoto, saura minti 120, kowa ya samu minti shida. Cikin shidan nan ma sau da yawa karɓe buroshin yake yi ya daidaita maka, domin hoton ƙarshe shi ne tallansa na mako mai zuwa. Idan aka auna da mintin gyara, wannan ne mafi tsada cikin huɗun, duk da cewa kuɗin zama ɗaya bai da ban tsoro. Gwajin mai sauƙi ne: bayan kwana biyu ka ba ɗalibin farar takarda ka ce ya zana wani abu daban. Kuma yau yana nan, gobe ya koma sayar da turare. Kada ka biya fiye da zama ɗaya a gaba, kuma in ba ka son fuskar 'yarka a shafinsa, ka faɗa kafin a fara.

Cibiyoyi fa?

Cibiya gini ce, wanda ke ciki ɗaya ne daga mutanen nan. Ƙungiyar Al'adu da Fasaha ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1973, tana da rassa a manyan garuruwa kuma takan shirya kwasa-kwasai. Hayy Jameel da aka buɗe a Jidda a ƙarshen 2021 yana da shirye-shiryen yara da na iyali. Darat Safeya Binzagr, gidan da mai zanen nan ta Jidda ta kafa kafin rasuwarta a 2024, an san shi da koyar da mata da yara. A Madina akwai cibiyar haɗɗi da a da ake kira Darul Ƙalam, wadda aka sauya wa suna a 2020 zuwa na Yarima Muhammad bin Salman. Wanda zuciyarsa ke kan zanen kusurwoyi da kamfas da rula, da sassaƙar katako irin ta tagogin tsohon gari, ya bincika ma'ahadin fasahar gargajiya na Wrth da aka kafa a 2021. Ko'ina ka je, tambaya biyu: wa zai koyar, kuma ana karɓar mai iƙama?

| Ma'auni | Mai ijaza | Mai digiri | Alaramma | Mai warsha |
|---|---|---|---|---|
| Gyara | mai tsanani, da awo | da bayani | gajere, ba dalili | kaɗan |
| Kuɗin malami | daga kyauta zuwa tsada | matsakaici zuwa sama | abin da ka bayar | tsada in an auna da lokaci |
| Kayan aiki | arha | suna ƙaruwa | arha, wasu sai daga gida | yana ciki |
| Zaman ilimin a hannu | sosai | sosai in an yi shekara | sosai ga mai lura | kaɗan |
| Sauƙin samu | sai an nema, ana yi ta waya | da sauƙi, har na mata | sai ta hanyar sani | mafi sauƙi |
| Babban haɗari | ijazar bogi, ƙosa yaro | gajiya, aikin bayan fage | rikita ɗigo, tsufa | ɓacewa da kuɗi |

Wa ya dace da wa

Yaron da bai kai shekara tara ba, mai digiri ko abla, a aji mai yara da yawa, da fentin ruwa. Ba ya bukatar ɗigo ko awo yanzu, yana bukatar wanda ba zai ce masa rana ba ta zama kore.

Ɗan shekara goma zuwa sha huɗu da ya fara yaga zanensa yana cewa bai yi kyau ba, shi ma mai digiri, amma wanda ka ga aikinsa na bana da idonka. In kuwa abin da yake ƙawatawa kullum haruffa ne, sunansa da na abokansa da ayoyi, to kai shi wurin mai ijaza kai tsaye, a fara da ruƙ'a, wadda za ta gyara masa rubutun makaranta ma.

Gidan da ba ya son zanen mai rai ko kaɗan ba sai ya hana yaro fasaha ba: haɗɗi, zayyana, da zanen kusurwoyi sun ishi mutum aikin rayuwa.

Wanda yaransa ke shirin sauka, ko yake jin Hausa na zamewa daga bakinsu, ya nemi alaramma tun yana nan. Wannan ne kaɗai cikin huɗun da ba na ba da shawarar a ɗaga zuwa baɗi. Ba ya hana zuwa wani ajin, tunda ba jadawali gare shi ba.

Babban da bai tabbata yana so ba, ya je warsha sau ɗaya ko biyu. In bayan mako guda hannunsa na ƙaiƙayin ya sake, ya nemi malami na dindindin. In ba haka ba, ya huta da kuɗin zango guda. Uwar gida da fita ke mata wuya, haɗɗi ta waya ya fi dacewa da ita, da sharaɗin malamar tana mayar da aiki da gyara a kan harafi, ba alamar yabo kawai ba.

Saurayi ko budurwar da ke son cin abinci da abin, malami ɗaya ba zai isa ba. Masu neman katin biki, tambarin shago, ko rubutun allon kanti, fayil suke so a turo musu, ba takarda ba. Sai a ɗauki ƙa'idar harafi wurin mai ijaza, shekara biyu aƙalla kafin a fara karɓar aikin mutane, a ɗauki aikin na'ura wurin matashin da ya iya, ko da ta intanet ne. Kafin a buɗe shafin talla kuma, mai iƙama ya bincika abin da takardunsa suka ba shi damar yi, mai shirin komawa Kano ko Yamai kuwa ya haɗa da hannun alaramma, domin a can allon sauka da rubutun Warshu suna da masu saye.